Shaidar da Ke Gefen Gilashi

Tunda ka zo koyon aikin ɗakin gwaji, zauna ka ji abin da wata ɗalibata ta yi, don har yau idan na tuna sai kaina ya kumbura. An kawo wani masunci asibiti da ƙulli a wuya. Aka yanki ɗan nama aka duba a madubin likita: ciwon daji ne, amma wane iri? Iri biyu ne masu kama kamar an tsaga kara. Ɗaya magani ke narkar da shi, ɗayan sai an yanke rabin wuya. A nan ne muke komawa ga rininmu, wanda ake haɗawa daga garkuwar jiki, kowanne da irin dajin da yake kamawa. In rinin ya kama, na magani ne. In bai kama ba, sai wuƙa. To, ita wannan baiwar Allah ta rina naman, ya fito fari fat. Babban likita ya ce shi ke nan, gobe tiyata.

Amma ka san al'adarmu: a gefen kowane gilashin da ake shimfiɗa naman gwaji a kai muna ɗora ɗan naman da muka tabbata rinin yana kama shi, ya zama shaida. Ta kai ido gefe, sai ta ga shaidar ma fara fat. Ashe an ɗauke wuta kwana biyu, firji ya ɗume, rinin ya mutu a kwalba! Likita ya aiko sau uku, ya ce me yarinyar jiya ta sani. 'Yan'uwan masunci suna kwana a baranda, guzuri ya ƙare, suna ta yi mata Allah ya isa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, rinin da bai gane ɗan gida ba, ba zan tambaye shi baƙo ba." Ta ƙi sa hannu a sakamakon, ƙememe. Kwana biyar ana harararta kafin sabon rini ya iso. Tana ɗigawa, shaida ta kama, naman masunci ma ya rine ja-ja kamar goro a bakin tsohuwa. Aka fasa tiyata, aka sa shi a magani. Bayan wata takwas ya dawo da wuyansa lafiya lau, da ƙullin busasshen kifi, yana tambayar ina mai taurin kan nan. Wallahi ni na koyar da ita, kuma ko a gaban wa zan faɗa. Hausawa sun gama magana: da muguwar rawa gara ƙin tashi.