'Yar Manomin da Ba Ta Cin Gyaɗa

Kai da ka kawo ɗanka makaranta, na tambaye ka ko yana da wata lalura kana ta sosa ƙeya, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani manomin gyaɗa, irin wanda in kaka ta yi sai amalanke ta gaji da zarya tsakanin gonarsa da gida. Allah da ikonsa, sai ya ba shi 'ya wadda jininta bai haɗu da gyaɗa ba. Tun tana rarrafe ta tsinci ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ta kai baki, kafin a ankara leɓe ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, numfashi na fita da ƙyar. Da jiɓin goshi aka ceto ta a asibiti. Likita ya ce kar ta ƙara, ko da man gyaɗa ne, ko yajin da aka daka da ƙuli, domin karo na biyu yakan fi na farko muni. Manomin ya tsorata, amma kunya ta fi tsoron yawa. A garin da kunun gyaɗa ne karin kumallo, a ce 'yar cikinsa gyaɗa na neman ranta? Ai taubasansa sun samu abin yi har ƙarshen shekara. Sai ya sa aka ware mata tukunya a gida, ya ja bakinsa ya yi gum. Ran da ya kai ta makaranta, abin da ya gaya mata ke nan: in an ba ki abu, ki ce kin ƙoshi.

Ya fito zai tafi sai aka kaɗa ƙararrawar tara. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ga mai ƙosai tana suya da man gyaɗa, ga mai rogo tana barbaɗa garin ƙuli, ga yara biyar sun kewaye tafin hannu ɗaya suna lasa. Ya kuwa san yaro ba ya ƙoshi da abin hannun abokinsa. Ya koma ciki, ya faɗa wa malamar ajin komai, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ita kuwa ta ce masa idonta biyu ne kacal, yara kuma sun fi arba'in, in yana son ran 'yarsa ya bari ta gaya wa kowa. Ya ɗaga kai, ya ce ya yarda. Washegari ajin ya ji, sauran malamai suka ji, masu talla na bakin ƙofa suka ji. Aka ajiye buta da sabulu a ƙofar aji, duk wanda ya ci ƙuli sai ya wanke hannu kafin ya shiga. Abin da manomin yake gudu kuwa bai fasa zuwa ba. Da ya zauna a teburin mai shayi sai wani taubashi ya ce a tace masa da kyau, kar gyaɗa ta faɗa. Ya sha tsokana har ya gode Allah, wani lokacin ya yi ta cizon yatsa a kan abin da ya kai shi buɗe baki.

Shekara ta zagayo, aka yi taron raba kyaututtuka, yarinyar ta zo ta ɗaya. Cikin manyan baƙi akwai wata dattijuwa daga wani gari, wadda ba ta san komai ba. Yarinyar ta burge ta, ta yafito ta, ta kwance bakin zanenta ta fito da dakuwa mai laushi, irin ta aya da gyaɗa. Yarinya mai tarbiyya, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Tsohuwa ta ce, "Ci mana, jikata, in ga kin ci in ji daɗi." To wace 'yar shekara bakwai ce za ta dubi kaka a gaban jama'a ta ce ta ƙoshi? Uban yana can ƙarshen rumfa, mutane sun cika tsakani, ya ga hannun ya nufi baki. Ya miƙe zai ɗaga murya.

Bai ma buƙaci muryar ba. Ajin gaba ɗaya ya tashi da baki ɗaya: "Ba ta cin gyaɗa!" Mai ƙosai ta yar da matsami ta kutso, ƙawar yarinyar ta riƙe mata hannu, malama ta karɓe dakuwar, wata ta iso da buta da sabulu. Ko ƙwaya ba ta taɓa harshenta ba. Tsohuwa ta yi ta salati, ta sa wa yaran albarka ɗaya bayan ɗaya, ta aika aka sayo wa yarinyar lemo. Manomin ya sulale ya zauna, hawaye na zuba, dariya na cin sa, farin ciki ya cika shi har ba ya jin nauyin kowa. Taubashin nan mai tsokana shi ne ya riƙe masa kafaɗa. Ya ɗauki 'yarsa a wuya, kyauta a hannunta, ya bi ta tsakiyar kasuwa da ita zuwa gida.

Yanzu sai ka gaya mini abin da ke damun ɗan naka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.