Taraktar Limawa

Injin da ɗuminsa lokacin da Zainulabidin ya ɗora hannu a kai.

Ya san abin da hakan ke nufi. Mai sayen tsohuwar tarakta sammako yake yi, ya same ta ta kwana ba a taɓa ta ba, ya ga yadda za ta tashi da sanyin safiya. Amma Baffa Ashafa, ƙanin mahaifinsa, ya ce su haɗu a Limawa bayan azahar. Shekara ashirin da biyu Baffa ya yi yana tuƙa tarakta kafin ya yi ritaya. Wa zai ja da shi?

"Baffa, kamar an tashe ta ɗazu."

"Rana ce ta doke ta. Kai da ko sitiyari ba ka taɓa riƙewa ba."

Dillalin taraktar ya yi dariya. Zainulabidin ya sunkuyar da kai. A gidansu, in babba ya yanke magana ba a sake ɗago ta.

Taraktar ja ce, fenti sabo har kan notuna. Mai ita, in ji dillali, ba ya gari. Baffa ya zaro sandar awon mai ya nuna: garau, kamar jiya aka zuba. Murfin lagireto kuwa bai buɗe ba, ya ce sai ya huce. Ya hau, ya ɗan dunguri giya da gwiwa, ya murɗa makulli, ta tashi nan take. Farin hayaƙi ya turnuƙe wurin.

"Gas ɗin zamani ne, rabinsa ruwa," in ji Baffa.

Ya ɗaga garma ya sauke da sauri, bai bar ta a sama an ga ko za ta zame ba. Da zai kashe injin, ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya ja wata waya, idonsa na kan titi.

"Saya, ɗana. Da ina da hali, da na riga ka."

Shanun huɗa biyu marigayi mahaifinsa ya bari, su ke noma musu gonar da suke ci shekara. Ranar da za a kai su kasuwa don a biya kuɗin taraktar, mahaifiyarsa, Iya Halimatu Sa'adiya, ta daɗe tana shafa wuyan babban kafin ta saki igiya.

"Tunda Baffanka ya gani da idonsa, Allah ya sa albarka."

Ruwan shuka ya sauka. Taraktar ta yi kwana uku tana aiki. A na huɗu ta yi tari, ta tsaya a tsakiyar gona, baƙin man injinta ya koma kamar koko. Maƙwabta suka wuce da shanunsu, kowa da nasa aikin. Iya ta ɗauko fartanyar da ta rataye shekara bakwai, ta nufi gona.

Zainulabidin ya ɗauko wani tsohon bakanike daga Takur. Mutumin ya kwanta a ƙarƙashin taraktar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Yana can sai ga Baffa a kan babur, ya zo jaje. Iya ta shimfiɗa masa mayafinta a gindin darbejiya, ta kawo masa ruwa.

"Sai haƙuri," in ji Baffa. "Ƙarfe ba ya da alkawari. Haka Allah ya rubuta."

Daga ƙasa aka ji ana kankare fenti. Can bakaniken ya ce, "Wannan waldar ai tawa ce. Bara na yi ta. Na gaya wa mai ita injin ya tsage, ya kai wa 'yan gwangwan, kada ya cuci bayin Allah."

Ya jawo jiki ya fito yana goge hannu. Ya dubi gindin bishiyar, fuskarsa ta washe.

"A'a, Alhaji Ashafa. Ashe dai ka samu wanda ya saye ta."