Marinin da Ya Wanke Shuninsa

Kai da ka tsinci kalma a bakin kasuwa kake ta yawo da ita, zauna ka ji abin da ya sami wani marini. Turkudi yake rinawa, sana'ar gado. In ya tsamo shi daga karofi sai a kai wa mabuga su buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya, wanda ko taɓawa ka yi sai yatsanka ya rine. Akwai wani tsohon Buzu da ke zuwa duk shekara tun zamanin mahaifinsa, ya kwashe kayan kaf, ya kai wa mutanensa su yi rawani. To, ran nan marinin ya shiga birni, ya ratsa layin 'yan atamfa, ya ji kowa na rantse-rantse: "Hajiya, wallahi ba ya zuba!" Wato ko an wanke zane launinsa na nan daram, ba ya rina ruwa, ba ya ɓata jiki. Da jin haka sai ya ga mata na saye ba ko ciniki. Ya dubi tafin hannunsa shuɗi, kunya ta rufe shi. Ashe shekara da shekaru kayan banza yake sayarwa! Bawan Allah bai tambayi kowa ba. Ya koma gida ya hana a sa shuni wajen bugu, ya yi ta ɗauraye turkudin har ruwan ya koma fes.

Da Buzu ya iso aka gaisa, marini ya baje kaya yana washe baki, ya ce, "Baba, bana an gyara, ba ya zuba." Tsoho ya goga babban yatsa, ya duba, tas. Ya sake gogawa. Sai ya ce, "Ɗana, mu mai zubar muke saye. In rawani bai bar shuni a goshin mutum ba, wa zai san na kirki ya naɗa?" Ya ninke turkudin a hankali ya ajiye, ya wuce marinar gaba, kuma bai ƙara tako ƙofar ba. Kaico! Kalmar gaskiya ce, amma yabon atamfa ce, ga turkudi kuwa zagi. Baɗi marini ya koma sa shuni, amma ina! Amanar da mahaifinsa ya ƙulla ta riga ta koma gidan wani. Har ya tsufa, in ya ga ayarin Buzaye ya wuce, sai ya ce da ma ya tambaya.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.