Ranar Kwance Ƙunshin Rumasa'u

Tun da aka kawo sabon lalle, wanda ke rikiɗewa shuɗi in cutar daji ta ɓuya a jiki, ba a yin guɗa sai an kwance ƙunshi.

Asabe ta warware ledar hannun autarta Rumasa'u, amarya. Shekara shida ke nan da tafin ita Asabe ya yi shuɗi; aka cire mata nono ɗaya, ta tashi.

Tafin yarinyar ya fito ja wur. Asabe ta yi hamdala, guɗa ta ɓarke.

Ladidi, ƙanwar Asabe, ita kaɗai ta ƙi ƙunshi, ta ɓoye hannuwa cikin mayafi. Asabe ta jawo kwanon lallen.

"Miƙo hannu, Ladidi. Ni da kike gani, shuɗin nan ne ya kawo ni bikin 'yata."