Biskit na Masu Mura

Kuskurenta ɗaya ne: ta ce biskit ɗin na masu mura ne kawai.

Tun safe take tsaye a kicin. Ta daka citta da kanumfari, ta yanka dabino, ta ɓarza gyaɗa, ta kwaɓa da zuma ta gasa. Ƙamshi na isa falo, annoba ta sauka a gidan.

Maigida, wanda yanzun nan yake ihu gaban talabijin saboda ƙwallo, ya shigo lulluɓe da bargo yana dafa bango.

"Ki yafe mini duk abin da na yi miki," ya ce da muryar mai barin wasiyya. "Miƙo biyar."

Surukarta ta yi tari uku daga ɗaki, da ta ji shiru ta ƙara na huɗu da salati. Ƙanwar miji ta shaƙi barkono don kafa hujja. Har maƙwabciyar da ba sa ga-maciji ta leƙo da hankici a hanci: "An ce ana rabon magani?"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana sannu tana zuba shayi. Kafin yamma kowa ya miƙe garau.

Tana wanke farantin da ko ɓurɓushi bai rage ba, jikinta zafi kamar garwashi, sai atishawar da take dannewa tun safe, don kada ta faɗa cikin kwaɓin, ta ƙwace mata.

"Haba ke kuwa!" maigida ya ɗaga murya daga falo, yana lasar yatsa. "Ai ya ƙare, daina wahalar da kanki. Kuma ma ba ki iya atishawar ƙarya ba."