Filtar da Makanike Ya Ƙi Kwanciya Ya Cire

Alhaji Tanimu, kai ne shugaban makanikan wannan gareji, shi ya sa na kawo maka ƙarata ban wuce wani wuri ba. Na ba makanikenka Hambali motata da sababbin filtoci biyu, ta iska da ta mai, ya ɗaura ɗaya ya ce mini ya ɗaura duka. Kafin ka kira shi ya zo ya sake rantse-rantsen da ya yi mini, zauna ka ji wani misali. Na daɗe ina koyarwa kafin in yi ritaya, na kuma lura babba ma misali ya fi shigarsa a kan faɗa.

An yi wani direba mai ɗaukar tumatir daga fadama zuwa kasuwar birni a wata tsohuwar a-kori-kura. Akwai wani dogon hawa a hanyar, motar kuwa ta fara nishi a kansa, tana hawa da ƙyar tana tuttula hayaƙi. Wani tsohon direba ya ce masa inji da numfashi da jini yake aiki: filtar iska ce ke tace abin da yake shaƙa, filtar mai ce ke tace baƙin man da ke zagaya cikinsa. Ya ce ya bar ɗabi'ar nan ta kai filtar iska wurin mai faci a hure ta a mayar, ya nemi masu inganci da suka fi na jikin motar ya canza su tare. Direba ya sayo, ya haɗa da sabon mai, ya kai wa makanike. Ta iska a sama take, ana buɗe bonet ga ta nan, makanike ya ɗaura ta yana fito. Ta mai kuwa tana can ƙarƙashi, sai an kwanta a ƙasa, ga injin da zafi, ga shi ta cije. Ya murɗa ta ƙi motsi. Sai ya jiƙa tsumma da fetur ya goge bayanta har ta yi ƙyalli, ya zuba sabon mai, ya tura sabuwar filtar ƙarƙashin benci da ƙafa, ya ce an gama. Da farko mota ta yi daɗi, domin iska na shiga yadda ya kamata. Ba a daɗe ba direba ya duba mai da safe, ya ga man da aka zuba kamar zuma ya koma baƙi ƙirin. Ya koma gareji ya ce a ba shi tsofaffin kayansa, kamar yadda ake miƙa wa mai mota duk abin da aka cire masa. Aka miƙo ta iska kaɗai. Ya ce ina ta mai, makanike ya ce ya jefar. Direba bai yi hayaniya ba, ya ce ga mota nan, a leƙa a gani. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba, amma abokan sana'a na zaune suna kallo, sai makanike ya gyara zama ya ce, “Ni za ka koya wa aiki? Je ka ji da tumatirinka.”

Wata ranar kasuwa, da tsakar rana, a tsakiyar hawan nan, jar fitilar mai ta kama. Inji ya yi ƙara kamar ana dukan ƙarfe a maƙera, ya buga. Tumatir ya wuni a rana yana tsiyaya ta ƙasan kwanduna, masu kaya suna tsaye a kansa suna salati. Aka jawo mota da igiya har gareji, manyan wurin suka ce a kwance ta a gaban kowa. Da aka ciro filtar mai aka fasa, cikinta a cushe yake da dauɗa kamar kwalta. Wani ya sunkuya ya jawo sabuwar daga ƙarƙashin benci, ko kwalinta ba a buɗe ba. Manya suka yanke cewa makaniken ne zai sauke injin, ya warware shi, ya wanke, ya bi masu gyaran ƙarfe, ya sake haɗawa. Mutumin da ya ƙi kwanciyar ɗan lokaci ya yi makonni a kwance cikin baƙin mai, masu motocin da suka saba zuwa wurinsa suna wuce shi zuwa rumfar maƙwabcinsa, wasu ko sannu ba sa yi masa.

To, Alhaji, nawa injin bai buga ba tukuna, kuma ba ni da wata mota bayan wannan. Ba haƙuri na zo a ba ni ba, haƙuri ba ya tace mai. Hambali ya kwanta yau, a gabanka, ya ciro tsohuwar ya sa mini a hannu, ya fito da wadda na kawo ya ɗaura, ya kuma juye man da ya riga ya gurɓata ya zuba sabo. Ba zan tayar da motar nan ba sai an yi haka, ga makulli na ajiye a kan teburinka. Idan ya ce girmansa ya wuce kwanciya a ƙasa, ka tuna masa abin da magabata suka faɗa: kowa ya ƙi sharar masallaci, zai yi ta kasuwa.