Kujerar Baya a Shagon Tela

Tun ranar da Tela ya sayi 'yar motar nan, hankalin matarsa bai sake kwanciya ba.

Motar ƙarama ce, ja, mai guntun baya kamar an datse ta da almakashi. Ƙofa ce a bayan nata, wadda ake ɗagawa sama, da wani ɗan fiffike a kai irin na tsuntsun da bai gama girma ba. In ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi wani huci, fiss, kamar ruwa ya ɗiga a kan dutsen guga. Kuma gaskiya, mai karatu, mota ce mai shiga rai. Tana ratsa lungun da manya ba sa shiga, ga ƙarfi fiye da jikinta, tana riƙe ƙasa a kwana kamar kyanwa a kan katanga. An ƙera ta ne da siffar motocin tsere, waɗanda ke gudu a kan tsakuwa cikin daji.

Irin waɗannan motocin ne Tela ke kallo kullum a waya. Yakan jingina wayarsa da keken ɗinki, ƙafa na aiki, ido na kan wata mota da ta shiga kwana a karkace. Ya sha ɗinka hannun riga a baibai saboda haka.

A nan ya lura masu tsere ba su da kujerar baya. Wai nauyi ce. Sai ya ari sifana ya kwance tasa, da bel ɗinta da komai, ya kai shago ya ajiye wa masu jiran ɗinki. A gurbinta ya shimfiɗa 'yar katifa, ya ɗinka mata riga ja da hannunsa.

Matarsa ta leƙa cikin motar.

"Baban Auta, yarinyar nan ina za ta zauna?"

"Ga katifa nan. Ta fi kujera laushi."

"To da me za a ɗaure ta?"

"A ɗaure ta? Akuya ce?" Ya yi dariya. "Ke dai ba ki san mota ba. Yanzu ta yi sakayau kamar takarda."

Auta ce ƙaramarsu, ba ta daɗe da shiga makaranta ba, kuma shi ke kai ta kowace safiya. Hanyar ta bi ta bayan wata masana'antar bulo, inda kwalta ta ƙare aka bar tsakuwa da wata kwana mai kaifi. Uwar takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, tana sauraren kukan motar har ya ɓace. Ba ta iya komawa ga aikinta sai ta ji shiru ya daɗe.

Ran nan tana yi wa yarinyar wanka ta ga ƙulu a goshinta.

"Me ya same ki a nan?"

"Baba ne ya yi mana juyi. Mama, da daɗi! Sai na gangara har ƙofa."

Ta same shi a shago, wata mai jiran ɗinki na zaune a kan kujerar, bel na lilo a gefenta. Ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah ka mayar da kujerar nan. Ni tun da ka cire ta ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa."

"Zan mayar. Bari aiki ya ragu."

Aiki bai ragu ba. Kujerar ma ta yi farin jini, kowa ya zo ita yake nema.

Wata safiya aka wayi gari an yi yayyafi. Da suka doshi kwanar, Auta ta dafa kafaɗarsa daga baya.

"Baba, yi irin na jiya!"

Ya taka totur, ya karya sitiyari, ya ja burkin hannu kamar yadda ya gani a waya. Bayan motar ya zame, daidai yadda yake so. Sai ga wani mai keke ya ɓullo daga bayan tulin bulo. Tela ya kauce masa, taya ta daki bakin kwalbati, motar ta wuntsila ta kife.

Shi bel ya riƙe shi, ya fito da ƙujewa a gwiwar hannu. Yana ta kiran Auta, ba amsa. A can ƙarshen motar ya same ta, jikin ƙofar baya, katifar nan ja a kanta. Idonta biyu.

"Baba, ina ƙafafuna?" in ji ta.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ne ya karye. Za ta rayu, amma ba za ta sake takawa ba. Uwar ba ta yi ihu ba. Kallon mijinta kawai ta yi, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Yanzu in ka shiga shagon za ka ga Auta a kan kujerar nan, tana tsince maɓallai cikin gwangwani. Ba ta iya zama da kanta, zamewa take yi. Don haka kowace safiya uban ke durƙusawa ya zagaya mata bel, ya ɗaure a hankali.

Mai karatu, motar ba ta da laifi. Masu tseren da kake kallo suna da hular kwano, da ƙarafan kariya, da hanyar da aka rufe musu su kaɗai. Taka hanyar ta kowa ce, kuma wanda ke bayanka naka ne. Kada ka cire abin da aka sa don tsare rai saboda sha'awar gudu.